Yadda Ake Amfani Da eSIM A Ƙasa Mai Tsaunuka Ba Tare Da Sabis Ya Watsa Maka Ƙasa A Ido Ba

Bari in fara da abin da ni babu wanda ya faɗa min sai da na ji a jikina. Kamfanin da zai sayar maka da eSIM na tafiya, wallahi ko ƙarfen sabis ɗaya bashi da shi a ƙasar da zaka. Dillali ne kawai. Ya je ya ƙulla da kamfanonin waya na can, ya sari data da yawa, yana yanko maka giga uku giga biyar. In a tsakiyar babban birni zaka zauna wannan ba abin damuwa bane, duk wanda aka haɗa ka da shi zai kawo sabis. Amma ranar da mota ta fara hawa tana kwana-kwana, dutse a hagu rami a dama, gidajen gari sun koma can ƙasa kamar akwatunan ashana, a nan zaka gane yawan gigar da ka saya ba ita ce magana ba, maganar ita ce a bayan wa aka goya ka. Sai abu na biyu, komai a gida ake gama shi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga wanda bai taɓa amfani da shi ba: eSIM sim ne da ba a riƙewa a hannu. Tun daga masana'anta an liƙa wani ɗan ƙaramin cif a cikin wayar, kai kuma sai ka sauke bayanan layi a kansa ta intanet, shikenan ya zama layi kamar kowane layi. Ƙungiyar GSMA ta kamfanonin waya na duniya ce ta fitar da ƙa'idarsa a 2016. Amfaninsa ga matafiyi shi ne ba sai ka cire sim ɗinka na gida ba, kuma ba sai ka sauka jirgi a gajiye kana neman shagon sayar da layi ba.

Mataki na 1: duba ko wayarka tana ɗauka, kuma ba a kulle take ba

Danna *#06# kamar zaka yi kira. In ka ga wata doguwar lamba an rubuta EID a kanta, mai lambobi 32, to wayarka tana da eSIM. In IMEI kaɗai ya fito, akwai alamar babu. iPhone ya fara ne daga XS, XS Max da XR na 2018, manyan wayoyin Samsung daga Galaxy S20 na 2020, Pixel kuma daga na 3. Amma kar sunan waya ya ruɗe ka, kasuwar da aka yi ta dominta ita ce abin dubawa, don iPhone da yawa da aka yi wa kasuwar Caina sim biyu na hannu suke ɗauka babu eSIM sam, alhali iPhone 14 na Amurka daga 2022 ko ramin sa sim bashi da shi.

Sai batun kulle. Wayar da wani kamfani ya sayar a kan biya kaɗan-kaɗan takan zo a kulle, ba ta karɓar layin kowa sai nasa, kuma masu sayen na hannu su suka fi faɗawa wannan. A iPhone shiga Settings, General, About, ka gangara zuwa Carrier Lock, abin da kake so ka gani shi ne No SIM restrictions. A Android hanya mafi sauƙi ka ari sim na wani kamfani daban ka saka, in ya kawo sabis to a buɗe take. Kayi wannan kafin ka biya ko sisi, saboda ba kowane mai sayarwa ke dawo da kuɗi ba in laifin daga wayarka ne.

Mataki na 2: san hanyarka, sannan ka binciki layin da za a goya ka a kai

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa.

Ɗauki takarda ka rubuta wuraren da zaka kwana da hanyoyin da zaka bi, ba sunan ƙasa kawai ba. Sannan ka shiga shafin mai sayar da eSIM ɗin, kafin wajen biya akwai inda suke rubuta sunan kamfanin ko kamfanonin da zaka hau a ƙasar, yawanci da ƙananan haruffa can ƙasa. A Suwizalan manyan layuka uku ne, Swisscom, Sunrise da Salt, kuma Swisscom aka fi sani da kaiwa lungu. A Nefal akwai Nepal Telecom da Ncell. A Jojiya akwai Magti, Silknet da Cellfie. A Feru akwai Claro, Movistar, Entel da Bitel. Lesoto, ƙasar da ko wurin da yafi ko'ina gangare a cikinta ya kai mita 1,400 sama da teku, Vodacom da Econet ne. In mai sayarwa bai rubuta sunan layi ko ɗaya ba, ni dai wucewa nake. In ya rubuta biyu ko uku, wannan ya fi min mai giga da yawa a kan layi ɗaya, don a tsauni layin da yake cika a wannan kwarin kana zagaya dutse sai ya ɗauke ɗif, ɗan'uwansa ya karɓa.

Dalilin haka ba wani sihiri bane. Sabis igiyar rediyo ce, kusan miƙe take tafiya, bata huda tsauni. In kana ƙasan kwazazzabo ƙarfen sabis yana bayan dutse, ko tsakaninku kilomita biyu ne babu abin da zaka samu, wani kuma yana can saman ƙololuwa yana kamo ƙarfen da yake nesa da shi sosai saboda ba abin da ya shiga tsakaninsu. Sannan igiyoyin ma kala-kala ne. Masu ƙaramin mita irin 700, 800 da 900 MHz sun fi nisan zango kuma sun fi iya lanƙwasa a gefen tudu, su ake kafawa a ƙauyuka. Masu babban mita irin 2600 da 3500 sun fi gudu amma basa nisa, na birni ne. A Turai Band 20 wato 800 MHz shi ne ke riƙe da karkara, kuma akwai wayoyin da aka yi wa wata kasuwar da basu da shi, sai kaga mutum biyu layinsu ɗaya suna tsaye wuri ɗaya, wannan yana tura hoto wancan yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Saka sunan wayarka a intanet ka duba jerin band ɗinta.

Bayan ka san sunan layin, buɗe taswirar sabis ta kamfanin, kusan duk suna da ita a shafinsu, ko ka duba nPerf da Opensignal, manhajojin da ke nuna ƙarfin sabis a taswira, ka bi hanyarka da ido. Amma taswirar kamfani kamar tallan mai magani ce, a rage mata wani abu. Abin da ya fi duk wannan, tura saƙo masaukin da zaka kwana ko wanda zai yi maka jagora ka tambaye shi kai tsaye: wane layi ne yake kamawa a wajenku, a cikin ɗaki ko sai an fito waje? Amsarsa ta layi ɗaya ta fi karatun awa biyu.

Akwai kuma wuraren da sai dai haƙuri. Masu tattaki zuwa gindin tsaunin Everest a Nefal suna tashi daga garin Lukla, wajen mita 2,860, su bi ta Namche Bazaar mai mita 3,440, su ƙare a sansanin da yake mita 5,364, kuma da an yi sama sosai sabis ɗin waya sai ya zama yau akwai gobe babu, mutane sai su koma sayen katin Wi-Fi na Everest Link a masaukan hanya. Babu eSIM ɗin da zai gyara wannan, duk wanda yace maka nasa yana aiki ko'ina a Himalaya ciniki yake.

In kuma fakitin yanki zaka saya, irin na Turai gaba ɗaya, dan Allah karanta jerin ƙasashen da idonka. Ni na taɓa sayen irinsa, yana aiki lafiya lau a Italiya, na hau jirgin ƙasa daga Milan zuwa arewa ina ta hira a WhatsApp, muna wuce Chiasso, garin da ake shiga Suwizalan ta cikinsa, saƙona ya tsaya da alamar agogo, na kashe na kunna na kashe na kunna, tikitina na gaba yana cikin imel ban sauke shi ba, adireshin masauki shima haka, sai da na roƙi wata dattijuwa da ke kujerar gabana ta ɗan buɗe min hotsifot. Laifina ne ɗari bisa ɗari. Suwizalan bata cikin Tarayyar Turai, dokar da ta soke kuɗin romin, wato ƙarin kuɗin amfani da layi a wata ƙasa, tsakanin ƙasashen tarayyar tun watan Yuni na 2017 bata shafe ta ba, don haka wasu fakitocin suna sa ta wasu basa sawa. Andora da ke tsakanin Faransa da Sifen itama haka take.

Mataki na 3: zaɓen fakiti

Masu sayarwa suna da yawa, Airalo, Holafly, Nomad, Saily, Ubigi da sauransu, kuma bazan ce maka wannan ya fi wancan ba saboda wanda ya fi a wata ƙasa shi ne na baya a wata. Abubuwa huɗu zaka duba. Yaushe kwanakin suke fara ƙirguwa, ranar da ka saka shi a waya ko ranar da ya fara kama sabis a can? Yawanci na biyun ne amma ba duka ba, kuma in na farko ne ka saka tun saura mako guda, ka ci kwanakinka a gida. Ana iya ƙara data a kan layin in ta ƙare ko sai an sayi sabo? An yarda da hotsifot? Sannan in an rubuta mara iyaka, nemi inda aka ɓoye sharaɗin, galibi bayan ka ci wani adadi a rana sai a rage maka gudu ya koma tafiyar hawainiya har gari ya waye. Araha bata ado.

Ka kuma sani yawancinsu data ce zalla, babu lambar waya, ba kira ba tes. Kiranka duk ta WhatsApp ne da ire-irensa.

Giga nawa? Ra'ayina, a tafiyar tsauni mutum yana cin ƙasa da abin da yake zato, don rabin yini ma babu sabis ɗin da za a ci. Taswira da saƙonni basa cin komai, kiran murya na WhatsApp bai cika kai mega ɗaya a minti ba, bidiyo ne ɓarawon, awa ɗaya ta kallo mai kyau zata iya lashe giga guda. Sayi matsakaici wanda ake ƙarawa. In kuwa zaka yi makonni a lungu, haɗa da layin ƙasar na asali in ka isa, da fasfo ake yin rajista, kaga kana da lamba ta gida kuma kana da layi biyu.

Wani abu da zai iya baka mamaki: datar eSIM na tafiya sau da yawa sai ta zagaya ta wata ƙasa kafin ta fita intanet, shi yasa zaka buɗe Google ya zo maka da yaren da baka taɓa gani ba, ko manhajar banki tayi zaton kana wata nahiya, ko kiran bidiyo ya riƙa jinkiri kaɗan ko da sabis ya cika. Ba lalacewa yayi ba, haka tsarin yake.

Kuma ka saya kafin ka tashi. Indiya ta sa an cire Airalo da Holafly daga rumbun manhajoji na ƙasar a farkon 2024, Turkiyya ma ta toshe shafukan masu sayar da eSIM da dama a 2025, wanda ya bari sai ya sauka sai ya tarar shagon ma baya buɗuwa.

Mataki na 4: saka shi a waya, a gida, a kan Wi-Fi mai ƙarfi

Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya ya isa. Saukar da eSIM yana buƙatar intanet, to in ka bari sai ka isa, da wace datar zaka sauke abin da zai baka data?

Bayan ka biya za a turo maka hoton QR ta imel, ko manhajarsu ta baka maɓallin sakawa kai tsaye, wanda shi yafi sauƙi. In QR ne, a iPhone: Settings, Cellular ko Mobile Service, Add eSIM, Use QR Code. A Samsung: Settings, Connections, SIM manager, Add eSIM. A Pixel: Settings, Network & internet, SIMs, sai ƙara sabo. Buɗe hoton a kwamfuta ko wayar wani ka haska shi da kyamararka. In waya ɗaya gareka, akwai wajen shigar da bayanai da hannu, za su baka adireshin SM-DP+ da lambar kunnawa, kwafa zaka yi ka liƙa, kar ka ce zaka buga da yatsa, harafi ɗaya ya kauce an tashi. iPhone mai iOS 17.4 zuwa sama ma kana danne hoton QR ɗin a cikin imel zai baka zaɓin sakawa.

Yana sauka kar ka fita daga shafin, kar ka kashe Wi-Fi, bashi minti biyu uku. In ya gama ka raɗa masa suna da zaka gane, misali sunan ƙasar, sannan ka kashe layin tukuna. In ya nuna maka yana ta neman sabis ko yace bai kunnu ba, kar hankalinka ya tashi, bai ga layin da aka ɗaura masa bane saboda baka isa ba.

Gargaɗi da babbar murya: kar ka goge shi. Yawancin QR ɗin nan sau ɗaya suke aiki, ka danna Delete ko Remove da sunan bari in sake sakawa ko zai gyaru, ya tafi kenan, sai ka koma rubuta wa masu kula da kwastoma kana jira. Kashewa daban gogewa daban. Ka ɗauki hoton shafin bayanan, musamman APN, wato saitin da ke haɗa layin da intanet, da sunayen layukan da aka yarda ka hau, ya zauna a cikin hotunanka inda zaka gani ba tare da intanet ba.

Mataki na 5: raba wa layuka biyun aiki

Layin gida aikinsa karɓar tes, musamman lambar sirri ta banki in zaka biya da kati. eSIM aikinsa data. Don haka a layin gida ka kashe Data Roaming tun kana gida, a eSIM kuma ka kunna shi, eh kunnawa, don shi a matsayin baƙo yake shiga layin ƙasar, in romin a kashe yake ko sabis ya cika ba abin da zai buɗe. Wannan ɗan maɓallin shi ne sanadin rabin kukan da ake yi a filin jirgi.

A iPhone akwai Allow Cellular Data Switching, kashe shi. A Samsung ma akwai makamancinsa a cikin SIM manager. In ka barshi a kunne, duk lokacin da wayar taga dama sai ta lallaɓa ta koma datar layin gida, kuma a tsauni inda sabis yake rawa kullum zata ga damar. Tambayi kamfanin layinka na gida ko layin yana romin a ƙasar da zaka da kuma ko karɓar tes kyauta ne, yawanci kyauta ne, amma ɗaga kira ba kyauta bane.

WhatsApp ɗinka yana nan da tsohuwar lamba, babu ruwansa da layin da ke bada data. Ko ya tambaye ka canza lamba kace a'a.

Sai toshe ɓarayin data. Kashe ɗora hotuna kai tsaye zuwa iCloud ko Google Photos ta datar waya, don a irin wuraren nan zaka ɗauki hoto ɗari uku a yini baka sani ba, kana saukowa inda sabis yake su kwashe gigarka cikin minti ashirin. Kashe sabunta manhajoji sai a Wi-Fi, kashe saukar bidiyo kai tsaye a guruf-guruf na WhatsApp, kunna Low Data Mode ko Data Saver, a iPhone ka kashe Wi-Fi Assist shima.

Mataki na 6: shirya kamar babu sabis gaba ɗaya

GPS baya buƙatar data, daga tauraron ɗan'adam yake karɓa, ko waya tana kan alamar jirgi zai nuna inda kake. Abin da ke buƙatar data shi ne hoton taswirar kanta, to sauke ta tun a gida. Google Maps yana bari ka sauke yanki, sai dai in babu intanet hanyar mota kawai yake nunawa, baya lissafa ta ƙafa. Don tattaki sai Organic Maps, OsmAnd ko Mapy.com, su suke nuna ƴan siraran hanyoyin dutse da layukan tsayi, a Suwizalan kuma manhajar swisstopo ta hukumar taswirar ƙasar ce. Bayan ka sauke, sa waya a alamar jirgi ka buɗe ka zuƙo wurin da zaka, ka tabbatar da gaske ta sauka.

Sauke yaren ƙasar a Google Translate. Ɗauki hoton tikiti, adireshin masauki da rubutun ƙasar, jadawalin mota ta ƙarshe da ke saukowa daga dutse, lambar mai masauki. Ka kuma faɗa wa mutanen gida tun yanzu cewa ranar kaza da kaza bazasu same ka ba, kar a kwana ana zullumi a banza.

Mataki na 7: in ka sauka

Cire alamar jirgi, kunna eSIM, mayar da data kansa, ka jira minti biyu zuwa biyar. In bai kama ba, bi su ɗaya bayan ɗaya kar ka haɗa: romin a kunne yake a kan eSIM ɗin? Layin data shi aka zaɓa? Kunna alamar jirgi ka kashe. Kashe wayar gaba ɗaya ka kunna. In sabis ya fito amma intanet baya tafiya, APN ne, musamman a Android, shiga Access Point Names ka rubuta abin da suka baka daidai. In har yanzu shiru, zaɓi layi da hannu daga jerin da ka ɗauki hotonsa. Duk wannan kayi shi kana cikin filin jirgi inda akwai Wi-Fi, gwada shi ta hanyar kashe Wi-Fi ɗin ka buɗe shafi ɗaya, kar ka fita ƙofa sai kaga ya buɗe.

Mataki na 8: a cikin tsaunin kansa

Koyi zaɓen layi da hannu, zai yi maka rana. iPhone: shiga layin eSIM, Network Selection, kashe Automatic, jira jerin ya fito. Samsung: Mobile networks, Network operators. Waya tana da taurin kai, takan maƙale wa layin da ta fara kamawa ko ya koma ɗigo ɗaya alhali ga wani mai ƙarfi a gefe. In ka bar yankin ka tuna ka mayar da shi otomatik. Sannan sauke ta daga 5G zuwa 4G, a dutse 5G ɗin bashi da wani amfani sai shan batir.

In kana neman sabis, hau sama ko ka fita fili inda kake hango kwari ko gari, kar ka tsaya a gindin dutse. Na kwana a wani masauki na katako inda sabis yake a wuri ɗaya tak, kan wani faffaɗan dutse bayan wajen shanya, da sassafe zaka ga baƙi biyar shida a tsaye a kai cikin manyan riguna, kowa hannu a sama, hayaƙin sanyi yana fita daga bakinsu, ba mai yi wa wani magana sai kaji wayar wani tayi ƙara kowa ya matso kusa da shi. A irin wurin, rubuta saƙonninka tun a ɗaki ka danna tura, suna jira, da sabis ya leƙo zasu fita da kansu. Rubutu yana wucewa inda murya da hoto suka kasa. A jirgin ƙasa da mota kuwa, ramukan da aka huda cikin dutse wasu an sa musu sabis wasu babu, kar ka fara biyan kuɗi ta banki kana tunkarar rami.

Kusa da iyaka a yi hattara. Iyakoki da yawa a doron tsauni suke, kana tsaye a ƙasa ɗaya wayarka tana hango ƙarfen sabis na maƙwabciya, a saman garin Zermatt na Suwizalan misali Italiya tana bayan dutsen nan. eSIM na ƙasa ɗaya zai iya rikicewa ya tsaya, layin gida kuma in ka manta romin a kunne nan ne zai yi maka ɓarna. Maganinsa kulle eSIM a kan layin ƙasar da hannu.

Batir shi ne ɗayan rabin matsalar. Wayar da bata ga sabis ba ƙara ƙarfi take tana lalube, ga layi biyu kowanne yana nasa laluben, ga sanyi, Apple da kansa yace daga digiri 0 zuwa 35 aka yi iPhone ya yi aiki, ƙasa da haka sai kaga kashi 40 ya faɗo ta mutu a hannunka. In ka shiga inda ka san babu sabis sa alamar jirgi, in ka hau tudu ka cire ka duba. Kashe layin gida gaba ɗaya sai zaka karɓi tes. Waya a aljihun ciki kusa da jiki, ba a jakar baya ba, da dare kuma cikin bargo ita da fawa bank. Fawa bank ɗin a jakar hannu ake shiga jirgi da shi ba a kayan awo ba, iyakar da aka saba 100 Wh ce, wajen 27,000 mAh kenan.

Mataki na 9: in abu ya faru

Tunda eSIM ɗinka data ce kawai, baya kiran lambobin gari. Kiran gaggawa na 112 a Turai da wasu ƙasashe da dama yana bin duk layin da wayar ta samu ko ba naka bane, don haka ko ta nuna babu sabis gwada. Nemi lambar masu ceto na dutse ta ƙasar kafin ka tafi ka ajiye, a Suwizalan jiragen ceto na Rega suna da 1414 kuma suna da manhaja mai tura inda kake. Koyi karanto lambobin wurinka daga taswira, su za a fara tambayarka. iPhone 14 zuwa sama yana tura saƙon gaggawa ta tauraron ɗan'adam amma a wasu ƙasashe kawai, duba ko taka tana ciki. Masu shiga lungu na kwanaki sukan riƙe na'ura irin Garmin inReach, sai dai ka binciki doka tukuna, a Indiya shiga da irinta ba izini laifi ne kuma an kama matafiya a kai.

In ka dawo gida, mayar da data kan layinka, kashe eSIM ɗin. Duba manhajar kaga ko irin wanda ake sake lodawa ne, in haka ne barshi a kashe, iPhone yana ajiye takwas ko fiye, tafiya ta gaba data kawai zaka ƙara. In na amfani ɗaya ne kuma kwanakinsa sun cika, yanzu kam kana iya danna Delete ɗin nan da na hana ka.